Jirgin ruwa yakan fara nutsewa tun yana tasha

Da yammacin ranar 6 ga Maris, 1987, wani jirgin fito mai suna Herald of Free Enterprise ya tashi daga tashar Zeebrugge ta ƙasar Beljiyam zai tsallaka zuwa Dover a Ingila, ɗauke da fasinjoji da motoci. Teku a kwance take, babu guguwa, babu hazo, bai yi karo da kowa ba, bai kuma taka dutse ba. Amma yana fita daga bakin tashar ya karkata, cikin abin da bai wuce minti ɗaya da rabi ba ya kwanta a gefensa a kan tudun yashi. Mutum 193 suka rasu.

Idan aka buɗe kundin da ake rubuta asarar jiragen ruwa, kowane jirgi yana da kalma ɗaya a gaban sunansa: ya nutse, ya kafe, ya ƙone, ya yi karo. Wannan rabo yana da amfani ga masu inshora da masu ƙididdiga, amma ni a ganina yana ɓoye fiye da abin da yake bayyanawa, domin abin da ya faru a ƙarshe kawai yake faɗa. Shi wancan jirgin na Zeebrugge an rubuta cewa kifewa ya yi. Gaskiya ne. Sai dai ya fita ne da ƙofofin gabansa a buɗe, waɗanda motoci ke shiga ta cikinsu. Ma'aikacin da aikinsa ne ya rufe su yana ɗakinsa barci ya ɗauke shi. Jami'in da ya kamata ya tabbatar an rufe ya riga ya hau sama don kada a makara. Kyaftin kuwa daga inda yake tsaye ba ya iya hango ƙofofin, kuma tun kafin ranar wasu kyaftin-kyaftin na kamfanin sun nemi a sa musu 'yar fitila a ɗakin tuƙi da za ta nuna ko ƙofa a rufe take, aka yi watsi da buƙatar. Alƙalin da ya jagoranci binciken ya ce cutar sakaci ta kama kamfanin tun daga sama har ƙasa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon nan ya tsage ne a ofis, shekaru kafin ruwa ya shiga.

Amma me ya sa ruwan da ya shiga ta ƙofa zai kifar da jirgi mai girma haka cikin daƙiƙu? A nan ne ya kamata a ɗan tsaya, don wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin labarin hatsarin teku.

Jirgi yana yawo a kan ruwa ne saboda ruwan da ya ture da jikinsa yana da nauyi daidai da nauyinsa. Nauyin jirgin yana jan sa ƙasa, ruwa yana tura shi sama. Idan igiyar ruwa ta karkatar da shi, ɓangaren da ya ƙara shiga ruwa yakan samu ƙarin turi daga ƙasa, sai jirgin ya miƙe ya dawo daidai. Wannan ƙarfin miƙewa shi ne ran jirgi. Yana ƙaruwa idan nauyi yana ƙasa, yana raguwa idan aka tara nauyi a sama, shi ya sa ake cika wasu tankuna na can ƙasan jirgi da ruwan teku don kawai a sauko da nauyinsa. Babban abokin gabar wannan ƙarfi kuwa shi ne abu mai nauyi da ke iya zamewa a cikin jirgin. A ɗauki kwalba cike da ruwa a yi tafiya da ita, babu wahala. A juye ruwan nan a faffaɗan faranti a ɗauka, da an ɗan karkata sai ruwan gaba ɗaya ya kwarara ɓangare guda ya ƙara karkatar da farantin. Jirgin fito mai ɗaukar motoci yana da wani bene shimfiɗaɗɗe tun daga goshi har wutsiya, babu bango ko ɗaya da ya raba shi, don motoci su shiga su fita cikin sauri. Faranti ne babba. Ruwan da bai kai gwiwa ba a wannan bene ya isa ya kashe ƙarfin miƙewar jirgin.

Abin da ya ci jirgin fito mai suna Estonia ke nan a Tekun Baltik a daren 28 ga Satumba, 1994, tsakanin Tallinn da Stockholm, lokacin da igiyar ruwa ta fizge murfin goshinsa: mutum 852 suka tafi, 137 kacal suka tsira. Haka ma al-Salam Boccaccio 98, wanda ya taso daga Duba ta Saudiyya zuwa Safaga ta Masar a watan Fabrairun 2006. Shi gobara ce ta tashi a benen motoci. Ma'aikata suka yi ta kwarara mata ruwa, magudanan da ya kamata su fitar da ruwan suka toshe, ruwan kashe wuta ya taru har ya kifar da jirgin a Bahar Maliya da mutum sama da 1,000. To a wane layi za a rubuta shi, gobara ko nutsewa? Kuma ina za a rubuta cewa an taɓa ɗora masa ƙarin benaye don ya ɗauki fasinjoji da yawa, ko cewa ba a juya an koma tashar da aka baro ba tun wutar tana ƙarama?

Maganar lodi tsohuwa ce. A ƙarni na 19 a Birtaniya akwai masu jiragen da ke yi wa ruɓaɓɓen jirgi inshora mai tsoka, su danƙara masa kaya, su tura shi teku. In ya isa sun ci riba, in ya nutse inshora ta biya. Wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll ya yi ta fafutuka har aka kafa doka a 1876 cewa a zana alama a jikin kowane jirgi, wadda ruwa bai kamata ya haura ta ba. Har gobe alamar tana nan a gefen jiragen dakon kaya, da'ira da layi ya ratsa ta, ana kiran ta da sunansa. Amma alama ba ta hana wanda ya yi niyya. Jirgin Sewol na Koriya ta Kudu, wanda ya kife ranar 16 ga Afrilu, 2014 a hanyarsa daga Incheon zuwa tsibirin Jeju, an ƙara masa ɗakuna a sama, an loda masa kaya fiye da ninki biyu na abin da aka yarje masa, sannan aka zubar da yawancin ruwan da ke tankunan ƙasa don kada alamar lodi ta nutse ta tona asiri. Wato an cire nauyin da ke riƙe da shi, an maye gurbinsa da nauyin da ke kayar da shi, kuma daga waje komai daidai yake a ido. Da ya yi kwana mai kaifi sai kayan da ba a ɗaure da kyau ba suka zame ɓangare guda. Mutum 304 suka rasu, kusan 250 daga cikinsu ɗaliban makarantar sakandare ɗaya ne da suka fito yawon buɗe ido. Abin da ya fi ci mini rai a wannan labari shi ne lasifikar jirgin ta yi ta gaya wa yaran su zauna inda suke kada su motsa, suka yi biyayya, kyaftin kuma yana cikin waɗanda aka fara kwashewa.

Akwai kuma wani rukunin jirage da ke mutuwa shiru, ba kyamara, ba taron manema labarai. Su ne manyan jiragen dakon ma'adinai. Tama ko ƙasar da ake fitar da alminiyom daga cikinta, idan aka loda ta da danshi fiye da ƙima, girgizar inji da rangajin teku sukan sa ta rikiɗe ta koma kamar taɓo mai gudana. Sai ta kwarara gefe ɗaya ta ƙi dawowa. Haka Bulk Jupiter ya kife a watan Janairun 2015 bayan ya yi lodi a Kuantan ta Malesiya, mutum 18 suka halaka, ɗaya ya tsira. Irin waɗannan jirage sukan tafi cikin mintuna, wani lokaci ko kiran neman agaji ba a samun damar yi. Derbyshire, jirgin Birtaniya mai tsawon kusan mita 300, ya ɓace a cikin mahaukaciyar guguwa kudu da Japan a watan Satumban 1980 da mutum 44, ba a ji ko uffan daga gare shi ba. Iyalan mamatan ne suka ƙi yin shiru, har aka gano ɓaraguzansa a ƙasan teku a 1994, bincike kuma ya nuna ruwa ya yi ta shiga goshinsa a hankali ta bututun iska da suka lalace, goshin ya sunkuya, igiyoyin ruwa suka farfasa murafen rumbunansa ɗaya bayan ɗaya. Da ba don nacin waɗannan iyalai ba, da ba a ƙarfafa ƙa'idar murafen rumbunan irin waɗannan jirage a lokacin da aka yi ba.

Kafewa a kan dutse ko yashi ita ce ta fi ba mutane mamaki, don kuwa a yau kowane babban jirgi yana da taswira a kwamfuta da na'urar da ke nuna inda yake ta tauraron ɗan'adam. Duwatsun ba ɓoyayyu ba ne, suna kan taswira. Torrey Canyon ya hau duwatsun Seven Stones kusa da Cornwall a watan Maris na 1967 da kusan tan 120,000 na ɗanyen mai, saboda kyaftin ya bi gajeruwar hanya yana sauri ya riski cikar ruwa a tashar da zai sauke kaya. Costa Concordia ya kauce hanyarsa a daren 13 ga Janairu, 2012 don ya gitta dab da tsibirin Giglio na Italiya a matsayin gaisuwa, dutse ya yage masa gefe, mutum 32 suka mutu, kotu ta ɗaure kyaftin Francesco Schettino shekara 16. Wakashio kuma ya matso kusa da gaɓar Morishus a watan Yulin 2020 ne don ma'aikata su samu sabis na waya su kira gida, ya hau murjani, kusan tan 1,000 na mai ya malala a ruwan da masunta ke cin abinci daga gare shi.

Da sauƙi mutum ya ce wauta ce. Amma a duba na Wakashio da kyau: shekarar korona ce, an rufe iyakoki, dubban ma'aikatan jiragen ruwa sun wuce wa'adin kwantiraginsu da watanni ba su sauka ba, da yawansu ba su da hanyar jin muryar iyalansu sai jirgi ya kusanci ƙasa. Wannan bai wanke wanda ke riƙe da tuƙi ba, amma ya nuna inda ɓarakar ta faro. Haka nan Exxon Valdez, da ya hau dutsen Bligh a Alaska ranar 24 ga Maris, 1989: ana yawan ambaton cewa kyaftin ya sha giya a ranar, ana mantawa cewa wanda aka bari a ɗakin tuƙi ƙaramin jami'i ne da gajiya ta yi wa yawa, a jirgin da aka rage wa ma'aikata. Gajiya ba ta barin shaida a jikin ƙarfe, shi ya sa ba ta cika samun gurbi a kundin asara ba.

Karo kuwa, mutum zai ɗauka faɗin teku ya isa kowa. Sai dai jirage ba su warwatse a teku ba, suna cunkushewa ne a 'yan mashigai ƙalilan irin su mashigin Dover da na Malaka da bakin manyan tashoshi, kuma tankar mai da ta cika lodi tana buƙatar kilomita da dama kafin ta tsaya, don jirgi ba shi da birki. Dokokin kauce wa karo na duniya, waɗanda aka sabunta a 1972, suna da sauƙin faɗa: idan jirage biyu suka fuskanci juna, kowa ya karkata dama, kuma a yi hakan da wuri, a fili, yadda ɗayan zai gane. Matsalar tana zuwa ne idan kowa ya fassara abin da yake gani daban. A daren 25 ga Yuli, 1956, jirgin Andrea Doria na Italiya da jirgin Stockholm na Siwidin sun hango juna a na'urar rada tun suna nesa, kusa da tsibirin Nantucket na Amurka. Na Italiya ya karkata hagu, na Siwidin ya karkata dama, kowa yana ganin ƙara tazara yake yi, sai suka haɗu. Na'urar da aka kawo don ta hana karo ita ta ba su ƙwarin gwiwar ci gaba da gudu. Andrea Doria ya ɗauki kusan awa 11 kafin ya nutse, wannan jinkiri ne ya ba da damar ceto mafi yawan mutanen cikinsa. Kuma jirgin da ya nutse a mashigi yakan zama tarko: Tricolor, mai ɗauke da sababbin motoci kusan 2,800, ya nutse a mashigin da ke tsakanin Ingila da Faransa a watan Disambar 2002 bayan karo da wani jirgin kwantena, cikin makonni uku wasu jirage biyu suka sake afka wa gawarsa duk da gargaɗin da ake ta yi.

Gobara ce nake ganin ta fi tsoratar da masu harkar a yanzu, domin ita ce girman jirage ya ƙara wa ƙarfi. Manyan jiragen kwantena na yau suna kai tsawon mita 400, suna ɗaukar kwantena sama da 20,000 in aka ƙirga da ƙananan kwantenoni, ma'aikatansu kuwa ashirin da 'yan kai. Babu wanda ya buɗe kwantenonin nan ya duba. Abin da mai kaya ya rubuta a takarda shi aka sani. Mai kayan da ba ya son biyan kuɗin dakon kaya masu haɗari sai ya rubuta wani suna daban a kan sinadari ko gawayi ko batura, a jera kwantenarsa a tsakiyar dubbai, inda tiyo ba ya kaiwa. X-Press Pearl ya kama wuta kusa da Kolombo a watan Mayun 2021 bayan wata kwantenar asid ta yi kwanaki tana yoyo, an kuma nemi sauke ta a tashoshi biyu, a Katar da Indiya, ba a samu dama ba. Ya ci wuta kusan mako biyu, ƙwayoyin roba da yake ɗauke da su suka lulluɓe gaɓar Sri Lanka. Felicity Ace, mai motoci kusan 4,000, ya kama wuta kusa da tsibiran Azores a watan Fabrairun 2022, aka kwashe ma'aikatansa 22 lafiya, shi kuma ya nutse a zurfin da ya kai kusan mita 3,000. A teku babu motar kashe gobara da za ta zo cikin minti goma, kuma kamar yadda aka gani a Bahar Maliya, ruwan da za a kashe wutar da shi yana iya zama ajalin jirgin.

Duk da wannan, adalci ne a faɗi cewa an samu ci gaba sosai. A shekarun 1990 ana rasa manyan jirage sama da 200 a kowace shekara. A 'yan shekarun nan adadin ya sauko ƙasa da 50, alhali jiragen da ke yawo a teku sun ƙaru, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na kayan cinikin duniya ta ruwa suke bi. Dokoki sun yi aiki. Amma kusan kowace doka sai da aka binne mutane kafin a rubuta ta. Titanic ya nutse a 1912 da kwalekwalen ceto 20 kacal, waɗanda ba za su ɗauki ko mutum 1,200 ba cikin sama da 2,200 da ke ciki, sai ga yarjejeniyar kare rayuka a teku ta SOLAS a 1914. Torrey Canyon ya share hanyar yarjejeniyar MARPOL kan gurɓata teku. Exxon Valdez ya sa aka wajabta wa jiragen dakon mai jiki mai ruɓi biyu. Hatsarin Zeebrugge yana cikin abin da ya haifar da ƙa'idar da ta ɗora alhakin tsaron jirgi a kan kamfanin da ke tudu, ba kyaftin kaɗai ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne wa zai tilasta bin dokar. Hukumar kula da sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai hedikwata a Landan, tana tsara dokoki ne, ba ta da 'yan sanda. Aiwatarwa tana hannun ƙasar da jirgi ya ɗaga tutarta, kuma mai jirgi shi ke zaɓar tutar. Panama da Laberiya da Tsibiran Marshall su ne manyan masu rajistar jirage a duniya, ba don 'yan ƙasarsu ne masu jiragen ba. Jirgi ɗaya sai a tarar mai shi yana wata ƙasa, kamfanin da ke tafiyar da shi yana wata, tutarsa ta wata, ma'aikatansa daga ƙasashe uku ko huɗu. Ranar da abu ya lalace, wanda ya fi sauƙin kamawa shi ne wanda yake tsaye a ɗakin tuƙi. Shi ya sa nake ɗari-ɗari da yawan cewa mafi yawan haɗurra kuskuren ɗan'adam ne. Ɗan'adam ɗin wane? Wanda ya kwana biyu bai runtsa ba, ko wanda ya yanke shawarar ma'aikata nawa za a ɗauka?

Sannan wancan adadi mai daɗin ji jirage yake ƙirgawa, ba rayuka ba, kuma manyan jirage ne kawai. Jiragen fito na cikin gida, waɗanda ba sa tsallaka iyakar ƙasa, yawancin dokokin SOLAS ba su hau kansu ba, kuma a nan ne mutane suka fi mutuwa. Kowa ya san Titanic da mutum kusan 1,500 da ya tafi da su. Mutum nawa suka san Doña Paz? A daren 20 ga Disamba, 1987 ya yi karo da wata ƙaramar tankar mai, Vector, a mashigin Tablas na Filifin, man ya kama wuta har a saman ruwa. Takardar fasinjoji ta nuna mutum kusan 1,500, amma waɗanda suka mutu sun haura 4,000, waɗanda suka tsira ba su kai 30 ba. Dubbai sun hau ba tare da an rubuta sunansu ba, abin da ya sa iyalansu suka sha wahalar tabbatar da cewa nasu yana ciki.

Le Joola ma haka. Jirgin gwamnatin Senegal ne, sojojin ruwa ke tafiyar da shi, yana jigila tsakanin Ziguinchor da Dakar, an ƙera shi don mutum ƙasa da 600. A daren 26 ga Satumba, 2002 ya haɗu da iska mai ƙarfi a gaɓar Gambiya ɗauke da ninki uku na wannan adadi, da yawa suna kwance a benen sama saboda zafi da cunkoso a ciki, wato nauyi ya koma inda bai kamata ba. Ya kife cikin 'yan mintuna. Bai nutse nan take ba, ya yi sa'o'i yana yawo a kife da mutane a raye a cikinsa. Masunta a kwalekwalensu ne suka fara tsamo waɗanda suka tsira, agajin hukuma bai iso ba sai da gari ya waye. Ƙididdigar hukuma ta ce mutum 1,863 suka rasu, 64 suka tsira. A shekarar 2003 masu gabatar da ƙara a Senegal suka rufe fayil ɗin, suka ɗora laifin a kan kyaftin, wanda shi ma ya mutu a cikin jirgin. Iyalan mamatan sun shafe shekaru suna roƙon a ɗago jirgin su binne nasu, har yanzu yana kwance a ƙasan teku.